Katangar Tsakar Gida

Wannan babin na rubuta shi ne domin ƴaƴana da ƴaƴan ƙanena Mutari, Allah ya ji ƙansa. Na san abin da ake faɗa a gidan nan idan na ba da baya. Ana cewa Baba Lawali ya zaɓi bare ya bar ɗan'uwansa, kuma da hannunsa ya gina katangar da ta raba gidan ubansa biyu. Rabin maganar gaskiya ne, ni na gina ta. Ɗaya rabin kuwa zan warware shi a nan daki-daki, yadda ya faru, ba yadda ake ba da labarinsa a gindin murhu ba. Karatuna bai wuce sartifikar firamare ba, sauran ilimina na cokalin gini ne da igiya. Saboda haka wanda ya je jami'a a cikinku kada ya tsaya gyara mini rubutu. Ya karanta har ƙarshe tukuna.

Sai na fara da gidan, domin wanda bai san gidan ba ba zai gane rigimar ba. Gidanmu na Zango gidan fatoma ne tun daga kakanmu. Fatoma shi ne mai saukar da fatake. Ko ayarin gishiri da dabino ne ya sauko daga arewa, ko manoma ne suka shigo da gyaɗa daga ƙauyuka, kowa da gidan da yake sauka, inda ubansa ya sauka kafin shi. Ɗakunan nan da ke bayan zaure ba don ƴan gida aka yi su ba. Mahaifinmu, Malam Mamman, ba mai yawan magana ba ne, amma akwai dokoki uku da ya sa ni da Mutari muka haddace tun muna ƙanana. Ta farko, baƙon da aka damƙa maka hannu da hannu ba ya barin gidanka sai ya gama abin da ya kawo shi. Ta biyu, ɓarnar da ya yi a gari taka ce, kai za ka amsa, kai za ka gyara. Ta uku, ranar da zai tafi, duk namijin da ke gidan zai raka shi har bakin hanya, ko da jiya kun yi faɗa. Da manyan motoci suka kashe ayari, cinikin gyaɗa kuma ya faɗi, baƙi suka ɗauke ƙafa. Ni na kama gini, Mutari ya buɗe shago. Ɗakunan suka koma ma'ajiyar katakon gini da tsofaffin tabarmi. Bayan rasuwar Baba muka ci gaba da zama yadda ya bar mu, zaure ɗaya, tsakar gida ɗaya, matanmu suna daka a turmi ɗaya.

Jami'a ta zo garin nan na riga na fara furfura. Ina cikin maginan da suka yi aikin wasu ɗakunan karatunta, lokacin da wurin ba komai sai fili da duwatsu da kututturen gero. Mukan zauna cin abinci a inuwar bangon da muka tayar, muna tambayar juna wa zai cika waɗannan manyan ɗakuna. Wani lebura ya rantse ko duk ƴan lakwal, wato ƴan makarantar boko, na Damagaram aka tara ba za su cika su ba. Ba a daɗe ba suka cika har ana tsayuwa a taga. Yara suka zo daga Mirya da Magarya, daga Gure da Tanut, har daga Difa, kowa da jakarsa da katifarsa a naɗe. Da can yaron da ya ci jarrabawar bak ta gama sakandare sai Yamai, uwarsa ta yi kuka a tasha, ba ta sake ganinsa sai hutun damina. Yanzu ga abin a bakin gari, kabu-kabu ma zai kai ka.

Amma ku sani, garin da hannu ya karɓi jami'a, zuciyar tana baya. Masu fili suka yi ta jera ɗakunan haya, ni ma na gina wa mutane da yawa. Mata masu dambu da awara suka sami kasuwa, ƴan kabu-kabu suka yawaita. Mutari kansa ya tayar da shagonsa ya mai da shi kan hanyar jami'a, yana sayar da sukari da madara da kaye, wato littafin rubutu, da bik na rubutu, ga teburin kwalaben isansi, wato fetur, a gaba domin masu babur. Duk da haka, in aka zauna a ƙofar masallaci ba ka jin komai sai ƙorafi a kan ɗaliban, waɗanda gari ke kira etidiya. Etidiya ba sa gaisuwa. Etidiya sun tsawaita layin famfo a garin da ruwansa bai ishi masu shi ba. Etidiya suna Faransanci a gaban manya don kada a ji abin da suke faɗa. Wasu abubuwan gaskiya ne. Abin da na lura da shi kawai, mai ɗakin haya ya san ranar biya, amma bai san sunan uban yaron ba.

A cikin haka, wata kaka bayan an yanke gero, wani dattijo ya yi sallama a zaurenmu, da dogon saurayi a bayansa, da buhun gero a kan amalanke. Ya ce sunansa Malam Idi daga Guna, yana neman gidan fatoma Mamman. Na ce Mamman ya daɗe a ƙasa, ni ne babban ɗansa. Ya dube ni, ya dubi ƙofar ɗakin baƙi, ya ce a wancan ɗakin ya kwana yana yaro, shekarar da ubansa ya kawo gyaɗa.

"Ga ɗana Sa'adu," in ji shi. "Ya ci bak, an ba shi wuri a iniberste. An ce in kama masa haya. Na ce ni ban san haya ba, gidanmu na sauka na sani."

"Malam," na ce, "ai wannan sana'a ta mutu. Ɗakin ma katako ne a ciki."

"Sana'ar ce ta mutu, ko gidan?"

Mutari yana zaune a gefe yana jan carbi. Shi ya fara dariya.

"Yaya, ya kama ka. A fid da katakon."

Ku riƙe wannan: Mutari ne ya fara cewa a fid da katakon. Malam Idi ya kama hannun ɗansa ya sa a cikin nawa, ya rufe da nasa, ya ce amanar Allah ce har ya gama. Na ce na karɓa. Mutari ya shafa fatiha tare da mu.

Fiye da shekara Sa'adu ya yi a gidan nan ba wanda ya ji kansa. Tun ranar farko na shimfiɗa masa tsari: sallar asuba a masallaci, sharar zaure, ba a kawo taron abokai, ba a wuce sallar lisha a waje. Ya bi. Karatun ƙasa da ruwa yake yi, wato irin duwatsun da ke ƙarƙashinmu da inda ruwa ke kwanciya a cikinsu. Wannan ya ba matata Barira abin tsokana. Duk ranar da famfo ya ɗauke sai ta jera jarkoki a bakin zaure ta ɗaga murya.

"Mai karatun ruwa! Ga famfonmu kwana da kwanaki ko ɗigo. Ko ba a kai ku wannan shafin ba?"

"Inna, muna shekarar duwatsu tukuna. Ruwan sai baɗi."

"To Allah ya kai mu baɗin. Kafin nan ɗauki jarka ka bi layi, ka yi karatun da ƙafa."

Mutari kuwa Dokta yake ce masa. In ya dawo daga shago sai ya leƙa ɗakin, ya ajiye masa kaye ko ƙullin sukari, ya ce in ya zama minista kada ya manta da wanda ya ba shi shayi. Wata rana na tambayi Sa'adu a wane ɗaki suke karatu. Da ya kwatanta mini, na ce ni na tayar da bangonsa na gabas. Ya yi mamaki da ya ji tun da aka sa wa wurin ƙofa ban sake shiga ba. Ni ma sai a lokacin na lura da haka: mun gina, mun karɓi ladanmu, mun fita, muka ɗauka wurin ba namu ba ne kuma. Ya matsa sai da ya kai ni. Na zauna a can baya da hulata a gwiwa, malami yana ta Faransanci, ina tsintar kalma ɗaya ina rasa goma. Da na gaji sai na koma duban bangon, na ga bai tsage ba. Na dawo na ba Mutari labari, ya ce wata rana shi ma sai an kai shi ya ga inda sukarinsa ke tafiya. A damina ta biyu Malam Idi ya rasu. Ni da Mutari muka je Guna gaisuwa a kan babur ɗaya. Wannan ma ku riƙe shi.

Bayan nan da ƴan watanni etidiya suka shiga yajin karatu. Sun ce tallafin da ake ba su ya makara. Gaskiyar wannan ban sani ba, ban kuma bincika ba, ba shi ne labarina ba. Abin da na sani, wata safiya suka fito kan kwalta da yawa, aka tare hanya da duwatsu, aka cinna wa tayoyi wuta, ga iska tana kaɗawa. Wata taya mai ci, ko ture ta aka yi ko gangarowa ta yi da kanta, ta isa teburin isansin Mutari. Da ya bar kayan ya gudu, da asara kaɗai ta same shi. Amma kun san Mutari. Ya koma ciki zai fid da abin da ya samu. Aka fito da shi hannunsa na dama ya ƙone tun daga yatsu har gwiwar hannu. Ina kan bango a Sabon Gari aka zo aka gaya mini. Na same shi a likita bai san wanda ke kansa ba.

Da na dawo gida bayan la'asar na tarar da Sa'adu a zaure, rigarsa tana warin hayaƙi. Ban ɗaga murya ba. Na ce zan tambaye shi, ya amsa ɗaya bayan ɗaya.

"Kana cikinsu?"

"Ina ciki, Baba."

"Ka sa wuta?"

"Ban sa ba. Amma na ɗauko dutse na sa a hanya."

"Ka san wanda ya ture tayar?"

"Wallahi ban gani ba. Muna gaba sai muka ji ihu a baya. Da na juyo na ga shagon Baba Mutari ne, na sheƙo da gudu, na tarar an riga an fito da shi."

Sai ya ce ya ɗaure kayansa, zai koma wajen abokansa kafin Baba Mutari ya dawo. Na ce ya je ya kwance su.

"Ba kai ka kawo kanka gidan nan ba, ba kai za ka fid da kanka ba. Wanda ya sa hannunka a nawa yana kabari. Wa zan mayar wa? Gobe bayan asuba ka ɗauki shebur ka biyo ni."

Na yarda da abin da ya gaya mini. Amma ko da ya ce shi ya ture tayar, hukuncin ɗaya ne, domin doka ta biyu ba ta ce in baƙo ya yi ɓarna a kore shi ba, cewa ta yi ɓarnar taka ce. Jami'a tana rufe a lokacin, yana da sarari. Muka rushe abin da wuta ta bari, muka tayar da shagon daga tushe. Shi ya kwaɓa duk simintin da ya shiga ginin, har tafin hannunsa ya yi ruwa ya fashe. Ban tausaya masa ba, bai kuma nema ba.

Ana cikin wannan mai unguwa ya tara magidanta a ƙofar masallaci. Kowa ya fid da abin da ya daɗe a cikinsa. Aka tsai da shawara cewa duk mai etidiya a gidansa ya sallame shi, su koma can bakin garin da aka gina musu. Da aka zo kaina na ce ba zan sallami nawa ba.

"Malam Lawali," in ji mai unguwa, "kai ne fa aka fi yi wa. Ƙanenka ne kwance a likita."

"Na sani, ranka ya daɗe. Su haya suka bayar, suna iya karɓar makullinsu. Ni amana na karɓa."

Wani daga baya ya ce, "Raƙuma sun tafi, fatoma bai ji labari ba." Aka yi dariya. Na gane muryar, maƙwabcinmu ne wanda ni na gina masa ɗakunan hayar da yake taƙama da su. Abin da zan gaya muku game da wannan shawara shi ne ba ta kai azumi ba. Da jami'a ta buɗe, ɗakuna suka zauna wayam, masu dambu suna mai da kwano cike, ƴan kabu-kabu suna gyangyaɗi a kan babur. Sai ga etidiya suna dawowa ɗaya bayan ɗaya, ba wanda ya sake ta da zancen. Unguwa ta manta. Gidanmu ne bai manta ba.

Mutari ya dawo daga likita da hannu a naɗe, yatsunsa sun ƙage ba sa miƙewa. Na kai shi ya ga shagon. Ya duba, ya karɓi makulli, bai yi godiya ba, ban kuma jira ba, don haƙƙinsa ne. Washegari bayan mun dawo masallaci ya tare ni a zaure.

"Yaya, yaron nan zai bar gidan nan."

"Sai ya gama."

"Dubi hannuna."

"Na gani, Mutari."

"Ba ka gani ba. Kai da hannu kake cin abinci, da naka ne da ka gani. Ban ce shi ya sa wutar ba. Amma kullum in buɗe ƙofa in gan shi yana alwala da hannu biyu a tsakar gidan ubana, ni kuwa sai matata Hawa ta zuba mini ruwa kamar jinjiri? Kama masa haya a bayan layi. In kana so ka riƙa aika masa tuwo can."

"Kana zaune a nan aka sa hannunsa a nawa. Kai ka ce a fid da katako."

"Na ce. A lokacin ina da hannu."

"Dokar Baba ba ta ce…"

"Baba ya mutu, Yaya! Raƙuma sun mutu! Ni ne da rai, ni ɗan'uwanka."

Har yau ban sami amsar da za ta gamsar da mutumin da hannunsa ya ƙone ba. Ba na cewa Mutari ba shi da hujja. Barira ma ta ce in sassauta, ta ce haya a bayan layi ba kora ba ce. Na yi kwanaki ina juya maganar. Ga abin da na gani. Yaron ya rasa uba, gari ya juya masa baya, jarrabawa tana tafe. In na fid da shi a wannan lokaci, ko da zuwa bayan layi ne, na gaya masa kuma na gaya wa unguwa cewa shi ne mai laifin. Bayan wannan, na gaya wa kaina cewa amana tana tsayawa ne muddin ba ta yi nauyi ba. Irin wannan amana kuwa kowa ma yana iya riƙe ta, ba sai gidan fatoma ba. Na ce wa Mutari a'a. Ya ce to a raba gidan.

Ya kira liman da mai unguwa, aka ja layi a tsakar gida daga gindin dogon yaro zuwa bangon gabas. Zaure da ɗakunan baƙi suka faɗo ɓangarena, shi zai huda sabuwar ƙofa ta layin baya. Ya ɗauko wani magini, don ya ce ba ya son komai daga hannuna. Na dawo daga aiki na tarar ginin ya ɗan tashi. Ba a haƙa tushen kirki ba, igiyar ma a sake take, bangon tun yana gwiwa ya fara karkata kamar raƙumin da zai durƙusa. Ga ƙananan yara ta kowane ɓangare. Irin wannan bango damina kaɗan yake jira ya faɗa kan wani. Na sallami maginin, na kira Mutari, muka tsaya da bulo a tsakaninmu.

"Rabuwa kai ka so ta. Amma karkataccen bango ba zai tsaya a gidan Mamman ina da rai ba. Ni zan gina."

"Gina. Amma kada ƙafarka ta taka ɓangarena."

Na rushe, na haƙa tushe, na ja igiya. Daga ɓangarena na yi aikin duka. Sa'adu ya zo zai kwaɓa mini siminti, na kore shi ya koma kan littattafansa, don wannan bango ba ɓarnarsa ba ce. Turmi ya faɗo wajenmu, taɓarya tana wajen Hawa matar Mutari. Har bangon ya kai ƙirji ita da Barira suna miƙa wa juna kaya ta kansa, suna magana ƙasa-ƙasa kamar ba na nan. Da ya wuce kai suka daina. Na yi shafe a ɓangarena. Nasa ya zauna tsirara, bulo a fili, kamar yadda kuke ganinsa har yau, domin ba ni da izinin takawa.

Abin da ya biyo baya kun san shi, wasunku a cikinsa kuka girma. Gida ɗaya ya koma sai an zagaya layi. Ranar salla tuwo yana bi ta waje. Ni da Mutari mukan haɗu a masallaci mu yi gaisuwar maƙwabta, ina kwana, lafiya lau, shi ke nan. Da aka yi sunan jikansa na farko, goro aka aiko mini kamar kowa a unguwa, ni da ya kamata a ce ni ke rabawa. Mutumin da muka sha nono ɗaya, muka kwana a tabarma ɗaya har muka yi aure. Kada wani ya ce muku ban ji ba. Na ji, ban dai saba faɗa ba. Sa'adu ma ya ji. Ya daina dariya da Barira, yakan zagaya nesa don kada ya bi ta gaban shagon. Ya sake roƙona in bar shi ya tafi. Na ce masa an riga an biya tsadar zamansa da abin da ba ya dawowa, in ya tafi bai gama ba to an yi asarar banza. Daga ranar bai ƙara tada maganar ba, ya sa kai a karatu.

Sa'adu ya gama. Ya ci digirinsa na lisansi, aka ɗauke shi aikin haƙar rijiyoyi wajen Gure. Ranar tafiya da hantsi na tara ƴaƴana maza muka ɗauki kayansa. Barira ta ba shi ƙullin ƙuliƙuli da yaji.

"Mai karatun ruwa, ka gama, famfonmu yana nan yadda ka same shi."

Ya yi dariya yana share ido. Na aika a gaya wa Mutari cewa baƙon gida zai tafi. Ban sa rai ba, na aika ne don doka ce. Mun kai kwanar layi sai na ji takun takalmi a bayanmu. Mutari ne, da hularsa ta Juma'a. Ya miƙa hannun hagu ya karɓi jakar littattafai daga hannun Sa'adu, ya riƙe ta har bakin kwalta. Da mota ta tsaya Sa'adu ya durƙusa a gabansa.

"Baba, ka yafe mini."

"Tashi, Dokta, kana ɓata wando. Ba don kai na fito ba. Ni ma ɗan Mamman ne."

Mota ta tashi. Yara suka yi gaba, muka rage ni da shi muna tafiya a hankali. Sai da muka kai inda za mu rabu, ni in miƙe shi ya zagaya, ya yi magana bai dube ni ba.

"Magini. Ka ɗauka ban ga abin da ka binne a bangon nan ba?"

"Me ka gani?"

"Tun kana ɗora shi na gani. Kullum da safe ina shan koko ina kallonsa."

"To?"

"Bar shi tukuna. Hannun bai huce ba."

Na bari. Shekaru suka wuce, gaisuwarmu ta ɗan tsawaita, har yakan zauna a zaurena bayan Juma'a mu yi hirar da. Ina jira ya ce lokaci ya yi. Bai ce ba har Allah ya karɓi abinsa bara, bayan gajeriyar jinya. Ta layin baya aka fito da makararsa, ba ta zauren ubansa ba.

Ban yi karatun da zan zauna in lissafa muku amfanin jami'a ga gari ba. Abin da na sani, garin nan tun asali da baƙi yake rayuwa. Na da sun zo da gishiri a kan raƙumi. Na yanzu suna zuwa da katifa a naɗe, su tafi da abin da suka zo nema a cikin kai. Suna da surutu, suna shan ruwanmu, wani lokaci suna ɓarna, kamar yadda raƙuman da can suke cinye wa mutane danga. Kakanninmu ba su kori ayari saboda danga ba. Abin da suka yi, kowane baƙo suka ba shi gidan da zai amsa sunansa. Mu mun gina musu ɗakunan karatu, mun gina musu ɗakunan haya, amma wanda zai tsaya ya ce wannan nawa ne, in ya yi ɓarna ku zo wurina, shi ne ya yi ƙaranci. Yau Nana, autar Mutari, tana can cikinsu tana karatu, a ɗakin baƙi kuma akwai wani daga Tirmini wanda kawunsa ya sa hannunsa a nawa. Wanda zai gaji zauren nan a cikinku ya gaje shi da dokokinsa uku. In ba zai iya ba ya faɗa tun yanzu in sani.

Saura abin da Mutari ya gani. Ku ƴaƴansa, ku je gindin katangar ta ɓangarenku, kusa da dogon yaro. Ko'ina bulo a sarƙe yake, kowane yana hawa kan biyu, yadda ake gini. Amma a wuri ɗaya za ku ga layi biyu sun miƙe sak daga ƙasa har sama da kan mutum, a samansu kuma doguwar sandar siminti da ƙarfe a kwance. Kan ƙofa ke nan. Bulon da ke tsakanin layukan ban sarƙa shi da na gefe ba, kwaɓinsa kuma yashi ne, siminti kaɗan. Ana iya cire shi katangar ba ta motsa ba. Ni ba zan taɓa shi ba, domin ya ce in bari, na bari, kuma wanda zai sake ni ya tafi. Ku ba ku yi masa wannan alkawari ba. Ta ɓangarena shafe ya rufe komai, ba a ganin inda za a kama. Ta naku ake gani. Ƙaramar guduma ta isa. Ku fara daga sama ku bi sahu-sahu, kuma kafin ku buga ku ɗaga murya ku gaya wa Barira ta janye turminta.